Mil 12 daga gaɓa: yadda takardar biza ke ɗaure masunci a jirgin wani

Duk wanda ya san tashoshin jiragen kamun kifi na arewacin Birtaniya, irin su Peterhead da Fraserburgh a Sikotlan ko Kilkeel a Ayalan ta Arewa, ya san cewa idan jirgi ya dawo daga teku aka gama sauke kifi, ma'aikatansa gida biyu suke rabuwa. 'Yan gari su rataya jakunkuna su shiga mota su nufi iyalansu. Sauran, mutanen Filifin da Ghana da Indunusiya da Siri Lanka da Indiya, su koma cikin jirgin, kowa ya kwanta a ɗan akurkin gadon da ya kwana a kai a tsakiyar teku. Nan ne ɗakinsu na watanni, wani lokaci har kusan shekara. Idan lokacin hunturu ne kuma mai jirgi ya ƙi haɗa musu wutar tasha, ko ya hana a kunna janareta don kada a ƙona masa mai, haka za su kwana cikin ƙarfe mai sanyi kamar ƙanƙara.

Idan irin wannan labari ya fito, an fi ɗora laifin a kan mugun kyaftin ko mai jirgi maras imani. Akwai su, babu shakka. Amma idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. A ganina babban mai laifi shi ne takardar da ke cikin fasfon ma'aikacin, kuma gwamnati ce ta buga ta.

Takardar da aka daɗe ana amfani da ita a Birtaniya ita ce bizar wucewa ta ma'aikatan jiragen ruwa. Asalinta an yi ta ne don mutumin da zai sauka a filin jirgin sama, ya wuce tashar ruwa cikin 'yan kwanaki, ya hau babban jirgin dakon kaya ya bar ƙasar. Izinin ratsawa ne, ba na aiki ba. Masu jiragen kamun kifi suka gano cewa muddin jirginsu zai yi su a wajen ruwan ƙasar, wato bayan mil 12 na teku daga gaɓa, kimanin kilomita 22, to a idon dokar shige da fice mutumin nan bai yi aiki a Birtaniya ba. Jirgin na Birtaniya ne, mai shi ɗan Birtaniya ne, daga tashar Birtaniya yake tashi, can yake dawowa duk mako ya sauke kifin da za a sayar a kantunan Birtaniya. Amma wanda ya ja tarun, a kan takarda, matafiyi ne da bai gama wucewa ba.

Daga wannan ƙaryar guda ɗaya sauran matsalolin suke tsirowa. Tunda ba mazaunin ƙasa ba ne, ba shi da hurumin kama haya a gari, dole ya zauna a jirgi. Tunda ba a ƙasar yake aiki ba, dokar mafi ƙarancin albashi da wuya ta kai gare shi. Tunda sunan jirgi ɗaya aka rubuta masa, ba zai iya tsallakawa jirgin da ke ɗaure a gefensu ba ko da mai shi ya fi mutunci kuma yana neman ma'aikaci. Ranar da ya ɗauki jakarsa ya taka tudu da niyyar ba zai koma ba, ya zama baƙon haure.

Akwai kuma tarkon da ya fi wannan muni, shi ne layin mil 12 ɗin kansa. Ba a shata shi a kan ruwa ba, a na'urar da ke gaban kyaftin kawai ake ganinsa. A yammacin Sikotlan, inda tsibirai suka yi yawa, mafi yawan wuraren kamun jatan lande suna cikin mil 12. Idan iska ta tashi a waje, ko kamu ya fi kyau a kusa da gaɓa, kyaftin sai ya juya akala ya shigo ciki ya saki taru. Ma'aikacin da ke kan dandamali yana tsinkar kawunan jatan lande bai san inda suke ba, ko ya sani ma ba shi da ta cewa. Amma idan jami'an kan iyaka suka hau jirgin a wannan wuri, shi ne ya karya sharaɗin bizarsa, shi za a tsare, shi za a sa a jirgin sama. Mai jirgi ya biya tara ya ci gaba da harkarsa. Ungulu da kan zabo ke nan. Kyaftin ya san haka, ma'aikaci ya san kyaftin ya sani, shi ya sa ba sai an ɗaga murya ba kafin a yi wa mutum barazana.

Sai mu duba aikin da kansa, domin a nan ne kuɗin ke ɓacewa. Jirgin da ke jan taru a ƙasan teku yana jawo shi duk bayan sa'a huɗu zuwa shida, dare da rana. Da an jawo, a kwance bakin jaka a zube kamun, a mayar da tarun ruwa nan take don kada lokaci ya tafi a banza. Sannan aikin hannu ya fara: a ware kifi iri-iri, a farke ciki a cire hanji, a wanke, a ware jatan lande bisa girma, ƙanana a tsinke musu kai ɗaya bayan ɗaya, a auna, a jera a akwati, a zuba ƙanƙara, a saukar ɗakin sanyi. Idan kamu ya yi albarka, kafin a gama wannan lokacin jawo na gaba ya yi. Idan taru ya yage a kan dutse, ɗinki ya ci ɗan lokacin barcin da ya rage. Mutum yana aiki kusa da injin naɗe igiyar ƙarfe, a kan dandamali mai santsi, jirgi na tangaɗi, shi kuma bai runtsa ba tun jiya. Yatsu da hannuwa a nan suke tafiya.

Ɗan gari da ke wannan aikin kaso ake ba shi. A sayar da kifi, a cire kuɗin mai da ƙanƙara da abinci, mai jirgi ya ɗauki rabonsa, sauran a raba wa ma'aikata. Wahala ta yi yawa, kuɗi ya yi yawa. Baƙo kuwa albashin wata aka yanka masa, kamu ya yi kyau ko bai yi ba. Mu ɗauka an rubuta masa fam 1,000 a wata. Idan ya yi kwana 24 a teku yana aikin sa'a 16 kullum, sa'a 384 ke nan, kowace sa'a ta tashi a kan fam 2 da kwabo 60. Ba a ma lissafa kwanakin tasha ba, inda shi ke goge jirgi, ya yi fenti, ya gyara taru, ya kuma zama maigadi tunda a ciki yake kwana.

Wannan lissafin bai yi nisa da abin da masu bincike suka gano ba. A watan Mayun 2022 Jami'ar Nottingham ta fitar da rahoto kan masuntan da ke aiki a jiragen Birtaniya. Matsakaicin abin da baƙi ke samu ya kama fam 3.51 a sa'a, a lokacin da mafi ƙarancin albashin babban mutum a ƙasar yake fam 9.50. Kimanin kashi 60 cikin ɗari sun ce suna aikin aƙalla sa'a 16 a jere. Kashi 35 sun ce ana dukansu a kai a kai. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne, fiye da kashi 60 sun ce ba za su taɓa kai ƙara ba, don tsoron kada a sa sunansu a baƙin littafi, wato a daina ɗaukarsu aiki. Duk wannan a ƙasar da ta sa hannu a 2019 kan Yarjejeniya ta 188 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, wadda ta ce a jirgin da ke wuce kwana uku a teku dole masunci ya huta aƙalla sa'a 10 cikin kowace 24, da sa'a 77 cikin kwana bakwai.

Baƙin littafin nan yana hannun dillali. Tsakanin mai jirgi a Sikotlan da masunci a Tema ta Ghana ko Manila ta Filifin akwai ejan mai ɗaukar ma'aikata. Yarjejeniyar ta 188 ta hana a karɓi ko sisi daga hannun masunci don a sama masa aiki, amma ana karɓa da wasu sunaye: kuɗin takardu, kuɗin gwajin lafiya, kuɗin horo, kuɗin ajiya da ba za a mayar ba sai ya kammala kwantiragi. Mutum ya ciwo bashi ko ya jinginar da fili kafin ya tashi. Watannin farko bashi yake yi wa aiki. Idan ya yi ƙorafi aka dawo da shi a wata na uku, ga bashi, ga babu ajiya, ga ejan ya kira sauran ejan-ejan ya ce wane mai taurin kai ne. Wani lokaci har ƙaninsa da ke jiran layi abin zai shafa. Wanda ke cikin wannan hali ba sai an ƙwace fasfonsa ba, ko da yake ana ƙwacewa, da sunan ajiya a ɗakin kyaftin.

Wani zai ce to a ba su cikakken izinin aiki mana, a huta. Jamhuriyar Ayalan ta gwada, kuma abin da ya faru da ita darasi ne babba. A Nuwamban 2015 jaridar Guardian ta fallasa yadda ake bautar da 'yan Ghana da Masar da Filifin a jiragen ƙasar ba tare da takardu ba. Gwamnati ta yi sauri, a Fabrairun 2016 ta buɗe wani tsari na musamman: guraben izini 500, na jiragen da suka kai mita 15 zuwa sama, kwantiragi na shekara guda wanda lauya ya tabbatar, da sharaɗin a biya mutum aƙalla sa'a 39 a mako a kan mafi ƙarancin albashi, wanda a shekarar yake yuro 9.15. A kan takarda babu abin kushewa.

Abu biyu suka lalata shi. Sa'a 39 da aka sa a matsayin mafi ƙarancin abin da za a biya sai ta zama iyakar abin da ake biya: a biya mutum yuro 356.85 na mako, ya yi aikin ninki biyu ko fiye, takardar albashi kuma ta fito tsaf. Na biyu, izinin an ɗaure shi da mai jirgi ɗaya, kuma mai jirgin ke da alhakin sabunta shi idan shekara ta zagayo. Duk wanda ya tambayi kuɗin sauran sa'o'insa, ko ya ji rauni ya daina amfani, ba sai an kore shi ba. A yi shiru kawai har ranar sabuntawa ta wuce, ya wayi gari ba shi da takarda. Ga kuma hukumomi da aka rarraba musu aikin sa ido, wannan ta duba albashi, waccan ta duba sa'o'in hutu, alhali cutar tana tsakanin biyun ne. Tarayyar ƙungiyoyin ma'aikatan sufuri ta duniya, ITF, ta kai gwamnati babbar kotu a 2018. A farkon 2019 wasu manyan masu bincike na Majalisar Ɗinkin Duniya suka rubuta wa gwamnatin cewa tsarin yana jefa baƙi cikin haɗarin bauta. A shekarar aka yi sulhu, aka yarda ma'aikaci ya sauya jirgi ba tare da amincewar maigidansa na farko ba. Amurka ta sauke Ayalan zuwa jerin ƙasashen da ake sa wa ido kan fataucin mutane a 2020. Sai a ƙarshen 2022 aka rufe tsarin gaba ɗaya. Kusan shekara bakwai ana facin abin da tun ranar farko ɗinkinsa a karkace yake.

Bahaushen da ya taɓa zaman Saudiyya, ko yake da ɗan'uwa a can, ba ya buƙatar dogon bayani a nan. Ya san mene ne igamarka ta kasance a hannun kafili, ya san abin da ke faruwa ranar da kuka saɓa. Ƙasashen Turai sun daɗe suna sukar tsarin kafala na ƙasashen Larabawa, kuma suna da gaskiya. Sai dai irinsa ne a tashoshin ruwansu, sunan kawai aka sauya.

Masu jirage suna da hujjojinsu, kuma ba duka ne na banza ba. Suna cewa samarin garuruwansu sun guji aikin, sun gwammace rijiyoyin mai na teku ko injinan lantarki na iska, inda kuɗi ya fi kuma ana kwana a gado mai ɗumi. Gaskiya ne. Suna cewa man jirgi ya yi tsada, manyan kantuna kuma suna matse farashi. Gaskiya ne. Suna cewa abin da baƙon ke samu ya ninka abin da zai samu a Elmina ko Takoradi a Ghana, kuma da yawa da ƙafarsu suke dawowa jirgi ɗaya shekara da shekaru, har sun gina gidaje sun sa 'ya'ya a makaranta. Wannan ma gaskiya ne, kuma duk wanda ya musa bai san harkar ba. Akwai masu jirage da ke biyan haƙƙi, su kama wa ma'aikata ɗaki, su kai su asibiti.

To amma ba da mutumin kirki ake gwada doka ba. Tambayar ita ce, idan aka yi rashin sa'a aka faɗa hannun mugu, wace ƙofa ce a buɗe? A ƙarƙashin bizar wucewa babu. Binciken BBC na 2024 ya nuna cewa ma'aikatar cikin gida ta Birtaniya da kanta ta amince cewa mutum 35 da suka yi wa wani kamfanin jirage na garin Annan da ke Sikotlan aiki tsakanin 2012 da 2020 an bautar da su, zargin da kamfanin ya musanta. Shekara takwas ke nan ana fitowa daga wuri ɗaya da labari iri ɗaya. Kuma mai jirgin kirki shi ma tsarin yana cutar da shi, domin a kasuwa ɗaya yake sayar da kifi da wanda ke biyan sulusin albashi. Batun cewa ya fi abin da zai samu a gida kuwa, kifin ba a farashin Elmina ake sayar da shi ba.

A Afrilun 2023 Birtaniya ta fara aiki da wani sashe na dokar ƙasa da kan iyakoki ta 2022, wanda ya fayyace cewa duk wanda zai yi aiki a cikin mil 12 sai da bizar ƙwararren ma'aikaci. An yi ta yabon matakin, ni dai ina ganin rabin gyara ne. Na farko, bayan mil 12 bizar wucewa tana nan daram. Na biyu, sabuwar ƙofar ƙunci gare ta. Ana buƙatar mutum ya ci jarrabawar Turanci ta karatu da rubutu da ji da magana. Mutumin da ya shekara ashirin a teku, ya san sunan kowace igiya da kowane umarni da Turanci, yana iya ɗinke taru a cikin duhu, sai a kayar da shi a rubutun insha'i. Ga kuɗin lasisin da mai jirgi zai nema don ɗaukar nauyin baƙo, ga kuɗin biza, ga harajin lafiya, ga ma'aunin albashi da aka ɗaga sosai a 2024. Na uku, ita ma wannan bizar a ɗaure take da wanda ya ɗauki nauyinka. Idan kuka rabu, kwana 60 ake ba ka ka nemo wani mai lasisi ko ka tattara. 'Yan Najeriya da suka je aikin kula da tsofaffi sun san ɗacin waɗannan kwanaki 60. A garin da masu lasisin ba su wuce a ƙirga da yatsu ba, kuma duk a wuri ɗaya suke shan shayi, an gudu ne ba a tsira ba.

Ba Birtaniya da Ayalan kaɗai ba ne. A 2016 kamfanin dillancin labarai na AP ya nuna yadda ɗaruruwan baƙi ke aiki a jiragen Amurka a Hawayi ba tare da biza kwata-kwata ba, an hana su fita daga harabar tashar Honolulu, wasu ana biyansu santi 70 a sa'a. A Taiwan, waɗanda aka ɗauka daga waje don jiragen nesa ba sa ƙarƙashin dokar ƙwadago ta ƙasar. Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta ƙiyasta a 2022 cewa masunta 128,000 ne ke cikin aikin tilas a teku. Ƙasar da ta yi abin a zo a gani ita ce Nuzilan. Bayan jirgin Koriya ta Kudu mai suna Oyang 70 ya nutse a 2010 mutum shida suka mutu, sannan a 2011 'yan Indunusiya 32 suka fice daga Oyang 75 suka faɗi abin da ake musu, ƙasar ta yi dokar da ta tilasta wa duk jirgin waje mai su a ruwanta ya koma ƙarƙashin tutarta daga Mayun 2016. Ta rufe gibin da ake cewa mutum yana nan amma ba ya nan.

Abin da nake ganin ya kamata a yi bai da wuyar faɗa. Izinin aiki ya zama na sana'ar, ba na jirgi ɗaya ba, ta yadda masunci zai sauka daga wannan ya hau wancan da sanarwar mako guda, kuma sabunta takarda ya kasance a hannunsa. Wannan kaɗai zai yi abin da sufeto ɗari ba za su yi ba, domin mugun kyaftin zai wayi gari jirginsa babu kowa. A raba mai duba haƙƙin ma'aikaci da jami'in shige da fice, a rubuta a doka cewa abin da aka faɗa wa na farko ba zai isa kunnen na biyu ba. Yanzu duk mai kaki ɗaya ne a idon baƙon, kuma kifi na ganinka mai jar koma.

Sa'o'in aiki kuwa a daina dogara da takardar da ma'aikaci ke sa wa hannu kyaftin na tsaye a kansa. Jiragen da suka kai mita 12 suna ɗauke da na'urar da ke aika wa hukuma inda suke da saurin tafiyarsu, suna kuma cike littafin kamu ta kwamfuta. Jirgin da ke jan taru tafiyarsa daban ce da wanda ke kan hanya. Idan na'ura ta nuna an kwana biyar ana ja ba tsayawa, ma'aikata huɗu ne a jirgin, an sauke akwati ɗaruruwa, amma takarda ta ce kowa ya yi barcin sa'a 10 kullum, ba a buƙatar shaida ya buɗe baki. Albashi kuma ya shiga asusun banki mai sunan ma'aikacin kai tsaye, ba ta hannun ejan ba, kuma idan aka kama ejan ya karɓi kuɗi, mai jirgin da ya yi hulɗa da shi ya biya.

Kafin a kai can, wanda ke Tema ko Ashaiman ko Takoradi aka kawo masa tayin aikin jirgi a Birtaniya, ko ƙaninsa aka kawo wa, akwai tambayoyin da ya kamata ya yi wa ejan tun kafin ya fitar da sidi ɗaya. Wace irin biza ce, ta wucewa ko ta ƙwararren ma'aikaci? Mene ne sunan jirgin da lambar rajistarsa, wadda ake rubutawa da manyan haruffa a gefen goshinsa, kuma a wane ruwa yake su? Idan aka ce bizar wucewa ce, jirgin kuma ƙarami ne na jatan lande a yammacin Sikotlan, to ya san tun daga gida cewa za a sa shi karya doka. Ya nemi kwafin kwantiragin da mai jirgi ya sa wa hannu, ba wanda ejan ya buga ba, domin sau da yawa biyun ba sa faɗin adadi ɗaya. Ya duba wa zai biya tikitin dawowa idan aka rabu kafin wa'adi. Ya ɗauki hoton fasfo da littafin ma'aikacin ruwa da kwantiragin ya tura wa wani a gida. Ya ajiye lambar sufeton ITF na ƙasar da za shi a takarda, ba a waya kaɗai ba. Sannan ya sayi ɗan ƙaramin littafi, daga ranar da ya hau jirgi ya riƙa rubuta lokacin da aka tashe shi da lokacin da ya kwanta, da kwanan wata, ya ɓoye shi a cikin jakar leda inda ruwa ba zai taɓa ba.